Allah Ya Sauke Ku Lafiya

In Bahaushe zai sallami matafiyi, addu'arsa guda ce: a sauka lafiya. Haka ake cewa tun zamanin fatake da ayarin raƙuma, tun ba a san akwai ranar da ɗan Adam zai hau ƙarfe ya keta gajimare ba. Sai ga shi addu'ar ta fi dacewa da jirgin sama a kan kowane abin hawa. Kamfanin Boeing, da ke fitar da ƙididdigar hatsarin jiragen fasinja duk shekara, ya daɗe yana nuna abu ɗaya: gangarowar ƙarshe da sauka ba su wuce kashi 4 cikin 100 na lokacin tafiya ba, amma kusan rabin hatsarin da ake rasa rai a cikin waɗannan 'yan mintoci yake aukuwa.

Mutanen Kano ba sai an ba su labari ba. Ranar Litinin 22 ga Janairun 1973, wani jirgi ƙirar Boeing 707 da kamfanin Nigeria Airways ya ɗauko haya daga kamfanin Alia na ƙasar Jodan ya taso daga Jidda da alhazai. Legas ya nufa, amma yanayin can bai yi kyau ba, sai ya karkato Kano. Tsakiyar hunturu ce, ga hazo ga iska. Jirgin ya bugi titi ba daidai ba, ƙafarsa ta karye, ya kauce, ya juyo yana kallon inda ya fito, wuta ta kama. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A ranar, tarihin jiragen sama bai taɓa ganin hatsarin da ya ci rayuka haka ba a duk duniya. Daga baya aka yi ta ja-in-ja, wasu na ɗora wa matuƙin, wasu na cewa titin ne ke da lahani. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kuma har gobe in jirgi ya yi hatsarin sauka, a kan wannan igiyar ake ja.

Na lura amsa biyu muke da su a aljihu, kuma duk biyun kan fito tun hayaƙi bai lafa ba. Ta farko: ƙaddara ce. Wannan gaskiya ce da ba musulmin da zai musa, kuma ita ce ke sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Sai dai an ce da mu mu yi ta'aziyya da ita, ba a ce mu rufe fayil da ita ba. Ta biyu: laifin direba ne. Ita ma sau da yawa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ta fi kowace amsa daɗi a bakin hukuma da kamfani, musamman in matuƙin na cikin mamatan, tunda gawa ba ta kai ƙara. Abin da nake son na dage a kai shi ne, jirgin fasinja na zamani da wuya ya faɗi saboda abu guda. Kamar tsohon gidan attajiri yake, akwai zaure, akwai soro na biyu, akwai shigifa, kowanne da ƙyaurensa. Ɓarawo ba ya kai wa turaka sai ya tarar da su duka a buɗe a dare ɗaya. In ka ga ya kai, to tambayar ba ta tsaya kan wanda ya bar ƙofar ƙarshe ba.

Bari mu fara da abin da sauka take nufi ga mai riƙe da jirgin. Jirgi irin wanda ke jigila tsakanin Kano da Abuja yakan tunkaro titi da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato wajen mita 70 a kowane daƙiƙa. Yana gangarowa ne a kan wata hanya marar ganuwa mai karkatar digiri 3, kuma ana so tayoyinsa su taɓa ƙasa 'yan ɗaruruwan mitoci daga bakin titi. In ya zo da gudu fiye da kima ya yi ta shawagi a saman kwalta na daƙiƙa goma kacal, ya cinye mita 700 na titin da zai yi birki a kai. In ya zo a hankali fiye da kima, fukafukan su daina ɗaukarsa. In iska ta bugo daga gefe sai ya karkata hanci yana tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, ya miƙe a daƙiƙar ƙarshe. In an yi ruwa ya kwanta a kan titi, tayoyin na iya hawa kan ruwan su yi ta sululu, birki ya zama ado. Duk wannan a ƙasa-ƙasa ake yinsa, inda babu sararin gyara kuskure, kuma a ƙarshen tafiya, lokacin da gajiya ta riga ta kama matuƙi.

Saboda haka ne masu harkar suka kafa doka mai sauƙi. In jirgi ya gangaro ya rage ƙafa 1,000 tsakaninsa da ƙasa, ko ƙafa 500 in gari garau yake, dole komai ya zama ya daidaita: gudu, tsayi, saiti da titi, tayoyi a sauke. Haka kuma akwai wani tsayi da aka yanka wa kowane titi, wanda in matuƙi ya kai shi bai hango titin da idonsa ba, babu shawara kuma. A duk hali biyun maganin ɗaya ne, a ba inji wuta a koma sama, a zagayo a sake gwadawa, ko a nufi wani filin. Fasa sauka ke nan. Ana koyar da shi tun a makaranta, ana maimaita shi a na'urar gwaji, kuma duk jirgin da ya tashi yana ɗauke da man yinsa.

To ga abin mamaki. Wani nazari da gidauniyar Flight Safety Foundation ta Amurka ta fitar a 2017 ya gano cewa in gangarowa ba ta daidaita ba, kusan sau 3 cikin 100 kawai matuƙa ke fasawa. Sauran 97 ɗin sai su dage su sauka. Galibi kuma su sauka lafiya, wanda shi ne babbar matsalar, don duk ranar da mutum ya karya doka ya sha, ya ƙara yarda cewa dokar ta ragwaye ce.

A ranar Asabar 10 ga Disambar 2005 wasu ba su sha ba. Jirgin kamfanin Sosoliso ƙirar DC-9 ya taso daga Abuja zuwa Fatakwal da mutum 110, cikinsu har da ɗalibai 61 na makarantar Loyola Jesuit da ke Abuja, masu tafiya hutun Kirsimeti. Iyayen da yawa daga cikinsu na tsaye a filin jirgin suna jira. Hadari ya haɗo a kan filin, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Fitilun titin ba su kunne. Iskar da ke bugo jirgin ta gaba ta juya ta koma bayansa, abin da ke zare wa fukafukai ƙarfi farat ɗaya, kuma filin ba shi da na'urar da za ta gano irin wannan juyin iska ta yi gargaɗi. Matuƙan suka kai tsayin da aka yanka ba su ga titi ba, suka ci gaba da gangarowa. Sai da suka nutsa kimanin ƙafa 100 ƙasa da wurin sannan suka yi yunƙurin komawa sama. Lokaci ya ƙure. Jirgin ya bugi ciyawar gefen titi, sannan ya yi karo da wani kwalbatin kankare na magudanar ruwa, ya tarwatse ya kama wuta. Mutum biyu ne suka rayu. Cikin ɗaliban nan, guda ɗaya.

Rahoton masu bincike ya ɗora babban dalili kan shawarar matuƙan ta wuce wancan tsayi ba tare da ganin titi ba, kuma ban ga abin musu a nan ba. Amma ka ƙirga ƙofofin da suka tarar a buɗe. Da fitilu na ci, wataƙila sun hango titin a kan lokaci. Da an gaya musu iska ta juya, wataƙila ba su fara ba. Da kwalbatin nan a rufe yake a ƙarƙashin ƙasa, wataƙila jirgin ya yi ta jan ciki a cikin laka ya tsaya, a fito da karaya da raunuka. Da kayan kashe gobara da na ceto sun wadata, wataƙila an ƙara ciro wasu da rai. Wanda ya ce laifin direba ne ya yi shiru, ya wanke mutum huɗu ko biyar da ba su cancanci wanki ba.

Me ke hana mutum fasawa alhali ya san doka? Na taɓa ganin wani ɓangare na amsar daga kujerar fasinja. Wata shekara cikin hunturu na taso daga Legas zuwa Kano da yamma, a jirgin wani kamfani na cikin gida. Mun gangaro, an sauke tayoyi, na ji ƙararsu a ƙarƙashin ƙafata. Ta taga ba abin da ake gani sai wani fari-fari mai ruwan ƙasa, kamar an watsa garin dawa a iska. Can sai injin ya yi wani irin ruri, bayana ya manne da kujera, hancin jirgi ya ɗaga. Wata hajiya a bayanmu ta ɗauki salati da ƙarfi, jirgin duka ya amsa. Da aka natsa matuƙin ya yi magana a lasifika cewa hazo ya rufe titi, zai sake gwadawa sau ɗaya. Ya gwada, bai gani ba, ya ce Abuja za mu.

Wani dattijo ne kusa da ni, ɗan kasuwar Kantin Kwari, babbar riga ta sha aiki. Ya juyo ya ce, "Malam, ka ga irinta ko? Yaran nan ba su iya tuƙi ba. Jiya-jiyan nan ƙanina ya sauka a cikin hazon da ya fi wannan."

Na ce, "Alhaji, ai gara a kwana Abuja."

Ya ce, "Kai ba ka da ɗaurin aure gobe da safe, shi ya sa."

Da muka sauka Abuja, har da masu tsayawa a bakin ƙofa suna gaya wa ma'aikatan jirgin magana, wani na rantsuwar ya bar hawa jirginsu. Ban ji mutum ɗaya ya ce a gaida matuƙi ba. Ka ga ke nan ranar da ya yi abin da ya fi dacewa a aikinsa, ladarsa zagi. Kamfani ma lissafi yake yi: man da aka ƙona, kuɗin sauka a filin da ba a shirya ba, jirgin da ya kamata ya kwana Kano ya yi sammakon ɗaukar wasu fasinjojin. Ko ba a kira matuƙi ofis ba, ya san ana ƙirgawa. In kuwa kamfanin irin wanda ke bin ma'aikata bashin albashi ne, yana da jirage uku yana sayar da tikitin jirage shida, to ba sai an buɗe baki an ce masa ya dage ba.

Akwai kuma abin da ke cikin zuciyar mutum shi kansa. Wanda ya hango gida ba ya son juyawa. Duk direban da ya taɓa tasowa daga Legas ya iso Kwanar Ɗangora cikin dare barci na fizgarsa ya san wannan muryar mai cewa saura kaɗan. Ga kuma girman kai na ƙwararre, da nauyin bakin na ƙasa. A nan ne labarin Mangalore na ƙasar Indiya yake ci mini rai. Ranar 22 ga Mayun 2010, jirgin Air India Express ƙirar Boeing 737 ya taso daga Dubai cikin dare, mafi yawan fasinjojinsa 'yan ci-rani ne masu komawa gida. Kyaftin ɗin ya yi barci fiye da awa ɗaya da rabi a hanya, har na'urar naɗar murya ta ɗauki minsharinsa. Ya farka ya karɓi jirgi, ya tunkaro titi yana sama da inda ya kamata nesa ba kusa ba. Sau uku mataimakinsa na ce masa a fasa. Na'urar jirgin ma tana ta kururuwa. Bai fasa ba. Titin bai kai mita 2,500 ba, shi kuwa sai wajen mita 1,600 ya taɓa ƙasa. Filin a kan tudu yake, ƙarshensa kwazazzabo. Mutum 158 suka rasu, 8 suka tsira.

Mataimakin nan ya ga abin da ke tafe, ya faɗa, amma bai kai hannu ya ƙwace jirgin ba. Mu da aka rene mu a kan cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar abin da ya riƙe masa hannu. Kunya da girmama na gaba ado ne a zaure. A gaban jirgi an daɗe da gane cewa suna kisa, shi ya sa tun wajen 1980 kamfanoni suka fara horar da matuƙa musamman kan yadda ƙarami zai ƙalubalanci babba, da yadda babba zai saurara. A kamfanonin kirki doka ce yanzu: ko wane ne cikin biyun ya ce a fasa, an fasa, bayani sai an koma sama.

Shekara goma cif bayan Mangalore, rana ɗaya wata ɗaya, 22 ga Mayun 2020, ana dab da ƙaramar Salla, jirgin kamfanin Pakistan ya tunkaro Karachi daga Lahore, shi ma yana sama yana gudu. Mai kula da zirga-zirga ya yi musu tayin su zagaya su rage tsayi, suka ce ba damuwa. A cikin rububin suka kai titi tayoyi a naɗe, injuna biyu suka goge kwalta, suka sake tashi, injunan da suka ji rauni suka mutu, jirgin ya faɗa unguwar da ke dab da filin. Cikin mutum 99, biyu suka rayu. Ministan sufurin jiragen ƙasar ya shaida wa majalisa cewa hirar cutar korona ce ta ɗauke wa matuƙan hankali.

Kada dai na sayar da fasa sauka kamar maganin mai tallan kasuwa da ke warkar da komai. Shi ma aiki ne mai wuya, kuma wanda ba a saba yi ba. A Dubai, ranar 3 ga Agustan 2016, matuƙan wani Boeing 777 na kamfanin Emirates sun yi abin da littafi ya ce, sun fasa bayan tayoyi sun ɗan taɓa titi. Suka danna maɓallin da ke ba injuna wuta, ba su ankara cewa da zarar taya ta taɓa ƙasa maɓallin ya daina aiki ba. Jirgin ya ɗaga kaɗan babu ƙarfi, ya dawo ya zauna a kan cikinsa. Duk mutum 300 suka fita da rai, amma wani ɗan kwana-kwana ya rasa ransa da tankin mai ya fashe. Wannan wata ƙofar ce daban: jiragen yanzu sun iya tuƙa kansu har matuƙi kan manta iyakar abin da kwamfuta ta ɗauke masa. Darasin Dubai da na Fatakwal wuri ɗaya suka nufa, fasawa na son a yi ta da wuri, kuma hannu ya saba da ita.

Yanzu mu sauko ƙasa, inda a ganina aka fi yin sakaci kuma aka fi saurin mantawa. Kowa ya ga bidiyon hatsarin filin jirgin Muan na Koriya ta Kudu, ranar 29 ga Disambar 2024. Jirgin Jeju Air daga Bangkok ya yi karo da garken tsuntsaye yana gangarowa, an samu gashin agwagin ruwa a injunansa biyu. Matuƙan suka fasa, suka juyo ta ɗaya bakin titin, suka sauka ba tayoyi. Masu bincike na da aiki a kan abin da ya faru a gaban jirgin a waɗannan mintoci, tunda na'urorin naɗar bayanai sun daina aiki kusan minti huɗu kafin ƙarshe. Amma abin da ido ya gani shi ne jirgi na jan ciki a miƙe, fukafukai daidai, ba wuta, mutane 181 da ransu. Sai ya wuce ƙarshen titi ya tarar da wani tudu da aka gina da kankare, an ɗora eriyar da ke saita jirage a kai, kimanin mita 250 daga bakin kwalta. Mutum 179 suka rasu nan take. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ita ce duk abin da za a kafa a irin wannan wuri ya zama mai karyewa cikin sauƙi in jirgi ya buge shi, kuma a bar fili fetal a ƙarshen titi, aƙalla mita 90, an fi so ya kai 240. Tsuntsu ne ya fara, amma ba tsuntsu ne ya zuba siminti ba. Bayan hatsarin gwamnatin Koriya ta bi sauran filayenta ta samu irin wannan gini a wasu, ta ce za a gyara.

In ƙasa mai arzikin Koriya ta kwana da irin wannan tarko shekara da shekaru, ina ga namu? Wata biyar kafin Sosoliso, a wannan fili dai na Fatakwal, jirgin Air France da ya taso daga Faris ya sauka ya tarar da shanu a kan titi, ya bi ta kansu. Allah ya kiyaye ba a rasa ran mutum ba, aka mai da abin labarin dariya. A farkon 2020, hazo ya sa manyan jiragen ƙasashen waje da suka nufo Legas suka yi ta karkata zuwa Accra kwana da kwanaki, saboda na'urorin da ke jagorantar jirgi cikin duhun hazo ba su cikin shiri. Hunturu kuwa ba baƙo ba ne. Kowace shekara yana zuwa a kan lokacinsa, ƙurar na tasowa daga can ƙasar Chadi, ta rufe Maiduguri da Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram. Shinge, fitila, janareta mai tashi da kansa, goge baƙin robar da tayoyi ke bari a kan titi, sare ciyawar da ke tara tsuntsaye, hana zuba shara kusa da fili: ba ɗaya cikinsu da ake yanka kintinkiri a kansa, shi ya sa gwamnoni suka fi son gina sabon ɗakin jiran fasinja mai gilashi.

Wani lokacin kuma abin da ya kayar da jirgi wajen sauka ya faru ne kwanaki kafin ya tashi. Sakkwatawa na tuna 11 ga Yulin 1991. Jirgi ƙirar DC-8 na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Biyu daga tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka tun kwanaki, har an taɓa alƙaluman da ke cikin takarda. Da safen nan makaniki ya nemi a ƙara musu iska, ba a samu iskar da ake sa wa tayar jirgi a kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar ya ƙi yarda a yi latti. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, matuƙan ba su sani ba suka naɗe su cikin cikin jirgi. Wutar ta ci wayoyi da bututun da ake sarrafa jirgin da su, ta ci daɓen da fasinjoji ke kai. Suka juyo za su sauka, saura ƙasa da kilomita uku su kai titi jirgin ya faɗi. Mutum 261, ba wanda ya fita. Wanda ya hango daga nesa zai ce jirgi ya gaza sauka. Alhali maganar awon iskar taya ce, irin wadda mai faci ke yi a bakin titi, da wani mutum da ke kallon agogo.

Shi ya sa nake jin haushin masana na awa ɗaya, waɗanda kafin a kwashe gawarwaki sun riga sun bayyana a rediyo da Facebook da cikakken dalili. Tsarin duniya ya ba masu bincike kwana 30 su fitar da rahoton farko, wanda bayanin abin da aka gani ne kawai, sannan a yi ƙoƙarin kammala na ƙarshe cikin shekara. An kuma rubuta ƙarara cewa manufar binciken hana maimaituwa ce, ba neman wanda za a hukunta ba. Dalilin a fili yake: ranar da makaniki ko matuƙi ya san maganarsa za ta kai shi kurkuku, ranar ya daina faɗin gaskiya. A Najeriya aikin na hannun hukumar NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar binciken hatsarin jirage a 2022, kuma rahotanninta a buɗe suke ga kowa. Laifinmu 'yan jarida shi ne muna cika shafi ranar hatsari, amma ranar da rahoto ya fito da shawarwarinsa, da ƙyar ya samu sakin layi biyu. Ba mai komawa bayan shekara ya tambaya ko an rufe kwalbatin Fatakwal.

Saura ƙofa ta ƙarshe, kuma wannan a hannunmu take, mu fasinjoji. Yawancin hatsarin sauka ana iya tsira daga gare su, abin da ke kisa shi ne hayaƙi da wutar da ke biyo baya. Kafin a ba kowane babban jirgi lasisi sai an nuna za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsa. A Toronto a 2005, jirgin Air France ya zarce titi cikin ruwan sama ya faɗa rami ya ƙone ƙurmus, amma duk mutum 309 suka fita. A Tokyo, ranar 2 ga Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a kan titi ya kama wuta, mutum 379 suka fita ba a rasa ko ɗaya ba a cikinsa, kuma abin da aka yi ta yabawa shi ne sun bar kayansu sun bi umarni. A Mosko a 2019 kuwa, inda mutum 41 suka rasu yawancinsu a kujerun baya, hotuna sun nuna wasu na gaba suna fitowa da jakunkuna a hannu. Ka kwatanta wannan da jirgin alhazanmu na dawowa: tsofaffin da wannan ne hawansu na biyu a duniya, bayanin tsira da ake yi da Turanci ko Larabci, jaka a cinya, jaka a ƙarƙashin ƙafa, buta, da tsarabar jikoki da ba wanda zai yarda ya bari. Ana shafe makonni ana yi wa maniyyata bita kan ɗawafi da jifa. Minti goma da Hausa kan yadda ake kwance bel da inda ƙofa take ba zai rage wa bitar komai ba.

Mu dai a wancan dare kwanan kujera muka yi a Abuja. Washegari wajen ƙarfe goma hazo ya ɗan yi sauƙi, aka kira mu. Matuƙin jiya ne dai, na gane muryarsa. Ya kawo mu Kano ya ajiye jirgin a hankali har ban ji lokacin da taya ta taɓa ba. Jirgin na cikin gudu a kan titi, fitilar bel na kunne, ma'aikaciya na roƙo a lasifika a zauna, sai na ji an dafa kafaɗata. Alhaji ne a tsaye, ya buɗe ma'ajiyar sama, yana jawo wata ƙatuwar jaka ta saman kaina.

"Malam, ɗan matsa mini," in ji shi. "Wataƙila na samu walima."